Zaɓen ƙaramar bindigar ɓoyewa a jiki a Amurka: abin da ƙanƙanta ke bayarwa da abin da take ƙwacewa

Sabon mai saye idan ya shiga shagon bindiga a Teksas ko Fulorida, kusan kullum hannunsa kan mafi ƙanƙanta yake fara sauka. Mai shago ya zare magazin, wato gidan da ake jera harsasai a ciki, ya ja murfin sama ya nuna masa babu harsashi, ya miƙa masa. Sai ya ɗora ta a tafin hannu, ya ji ba ta fi wayar salula nauyi da yawa ba, ya gwada ta a aljihun wando, ya ga ta ɓace. A nan ciniki yake faɗawa. Bayan mako biyu, a filin koyon harbi, sai ka same shi yana yarfe hannu bayan harsashi ashirin, ƙaramin yatsansa na reto a ƙarƙashin mariƙi ba abin kamawa, ramukan da ke jikin takarda kuma sun watse ƙasa ta hagu. Bindigar lafiyarta ƙalau. Ya sayi wadda ta fi sauƙin ɗauka ne, kuma ita ce ta fi wuyar harbawa.

Duk maganar zaɓen bindigar da za a sa a ƙarƙashin riga a kan wannan cinikin take juyawa. Kowane giram da kowane milimita da aka rage domin ta ɓoyu, a wajen harbi ake biyansa. Amma kafin a kai ga ƙarfe, doka ce a gaba, domin ita ke faɗin ko mutum yana cikin wannan zance ma.

Al'adar nan ta Amurka ce, kuma a can take da gindin zama a shari'a. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Heller, ta ce gyara na biyu na kundin tsarin mulki ya ba mutum a ƙashin kansa damar mallakar bindiga a gida. A ranar 23 ga Yuni 2022, a shari'ar Bruen, ta soke sharaɗin jihar New York na cewa sai mutum ya nuna wata buƙata ta musamman kafin a ba shi lasisin fita da ita. Illinois ce jihar ƙarshe da ta buɗe ƙofar lasisin, a 2013, kuma zuwa 2024 jihohi 29 sun daina neman lasisi gaba ɗaya daga wanda doka ba ta haramta wa riƙe makami ba. Teksas ta shiga sahunsu a 2021, Fulorida a 2023. A Najeriya labarin daban ne. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba a jerin makaman da aka haramta, waɗanda lasisinsu ke hannun shugaban ƙasa, ba irin bindigar farauta da 'yan sanda ke ba wa lasisi ba. Wanda aka kama da fistol a ƙugu a Kano ko Kaduna ba tare da wannan izini ba, gidan yari ne a gabansa, kuma babu abin da ke cikin wannan sharhi da ya shafe shi.

'Yan uwanmu mazauna Amurka kuwa, akwai wani rami da ya kamata su gani tun daga nesa. Mai katin zama na dindindin yana iya saye kamar ɗan ƙasa. Wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, dokar tarayya ta haramta masa riƙe bindiga da harsashi, sai 'yan keɓantattun hanyoyi kamar mallakar lasisin farauta, kuma kuskure a nan yana iya cinye takardun zama baki ɗaya. Dillali mai lasisi ba ya sayar da fistol ga wanda bai kai shekara 21 ba. Zai ba ka fom mai lamba 4473 ka cike, ya tura sunanka a bincika a rumbun hukumar FBI. Yin ƙarya a fom ɗin babban laifi ne, haka ma saya wa wani da sunanka. Lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a maƙwabciyarta ba. Kalifoniya da New York da New Jersey sun taƙaita magazin ga harsashi goma, don haka bindigar da aka saya a Teksas da magazin mai cin 15 tana iya zama laifi da zarar an tsallaka iyaka. A Michigan da North Carolina dole ne ka faɗa wa ɗan sanda cewa kana ɗauke da makami idan ya tsayar da kai. Gine-ginen gwamnatin tarayya da gidajen waya da bayan shingen bincike na filin jirgi duk haramtattu ne ko da lasisi.

To, mu koma ga ƙarfen.

Kasuwar ta kasu kusan gida uku, ko da yake iyakokin ba su da tsauri. Akwai matsakaiciya, wadda Glock 19 ta kamfanin Ostiriya ta zama ma'auninta tun 1988: bututu milimita 102, harsashi 15 a magazin, nauyi kimanin giram 670 babu harsashi, kusan 850 idan an cika ta. Akwai 'yar siririya ta zamani, wadda SIG P365 ta buɗe wa hanya a 2018: bututu inci 3.1, kauri kusan inci ɗaya, nauyi wajen giram 500, amma tana cin harsashi goma. Kafin ita, bindiga mai wannan girma shida ko bakwai take ci, kamar Glock 43 ta 2015 ko Smith & Wesson Shield ta 2012, domin harsasan a layi ɗaya suke hawa juna. Dabarar P365 ita ce magazin da harsasai ke zama layi biyu a ƙasa, ya tsuke zuwa layi ɗaya a sama. Springfield Hellcat, wadda ake ƙerawa a Kuroshiya, ta biyo baya a 2019 da 11, Shield Plus kuma a 2021. Sai gida na uku, 'yar aljihu, irin Ruger LCP ta 2008, mai cin shida na ƙaramin harsashi .380, wadda ba ta kai giram 300 ba.

Shurin da bindiga ke yi wa hannu lissafi ne tsantsa. Harsashin 9mm, wato mai faɗin milimita tara, mai nauyin giram takwas da ya fita da gudun mita 330 a daƙiƙa yana tura bindigar baya da ƙarfi ɗaya, ko ƙarama ce ko babba. Bambancin yana wajen abin da ke shanye turin. Bindiga mai giram 650 cike da harsashi tana kai wa hannu naushin da ya ɗara na mai giram 850 da kusan kashi talatin cikin ɗari. Wannan kuma kafin a sa maganar mariƙi. A matsakaiciya yatsu uku ne ke zagaye mariƙin, tafin ɗaya hannun kuma yana samun fili ya manne. A ƙarama yatsu biyu ne da rabi, ɗaya hannun kuma a kan yatsun na farko yake kwanciya, bai taɓa bindigar ba. Sakamakon shi ne baki yana ɗagawa sama sosai a kowane harbi, kuma kafin ya dawo kan saiti lokaci ya tafi.

Saitin ma yana da nasa lissafin. Tsakanin saitin gaba da na baya a 'yar siririya akwai kimanin milimita 125, a matsakaiciya kuma wajen 153. Idan ido ya kauce da milimita ɗaya tak, a nisan mita goma harsashin ƙaramar zai kauce da santimita takwas, na babbar kuma da shida da rabi. Gajeren bututu a kansa ba ya sa harsashi ya ɓace hanya. Idan aka ɗaure ƙaramar a kan teburi za ta tara harsasanta wuri ɗaya. Kuskuren mai harbi ne take faɗaɗawa. Shi ya sa mutane da yawa yanzu ke ɗora ƙaramin gilashi mai jan ɗigo a kan murfin sama, domin yana kawar da wannan matsala ta tazara, kuma yana taimakon wanda idonsa ya fara gajiya da ganin kusa. Kuɗinsa shi ne batir da za a riƙa canzawa, da ƙusoshin da ke kwancewa idan ba a ɗaure su da ma'aunin da kamfani ya faɗa ba, da kuma makonnin koyon nemo ɗigon da sauri.

Akwai wani abu da sababbin masu saye ke juyawa baibai. Suna gudun dogon bututu, alhali bututu cikin wando yake shigewa, a kwance tare da jiki. Abin da ke turo riga ya tona asiri shi ne gindin mariƙi, sai kuma kauri. Don haka bindiga mai bututu inci 3.7 ko 4 da siririn jiki, irin P365 XL ko Glock 48, sau da yawa ta fi mai gajeren bututu zama lafiya a ƙugu. Dalili kuwa, gajeriyar nauyinta duk a saman bel yake, sai ta riƙa kifowa waje, mariƙinta ya rabu da ciki. Doguwar tana da abin da ya nutse ƙasa ya tokare ta. A ganina wannan rukuni na tsakiya, siriri mai cin 10 zuwa 12, mai mariƙin da ƙaramin yatsa ke samun wuri, shi ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Wanda jikinsa da suturarsa za su ɗauki irin Glock 19, ya ɗauke ta, zai fi jin daɗin koyo. 'Yar aljihu kuwa kayan gwani ce, kuma abin takaici ita aka fi miƙa wa mata da tsofaffi a shago da sunan sauƙi.

Gwajin hannu ba ya ɗaukar minti biyar, amma a yi shi da tsari. Bayan an tabbatar babu harsashi, a riƙe ta yadda bayan mariƙi zai zauna a tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuni, bututu ya yi layi ɗaya da ƙashin hannu. A haka, tsokar gaɓar farko ta manuni ta kai tsakiyar kunama ba tare da an murɗa hannu ba. Idan sai an karkata tafi kafin yatsa ya kai, bindigar ta yi girma, kuma shurinta kan gaɓar babban yatsa zai riƙa sauka. Idan yatsa ya zarce har gaɓa ta biyu, ta yi ƙanƙanta, kuma za a riƙa jan baki gefe. Sai a gwada danna maɓallin sakin magazin, a gwada jan murfin sama har ƙarshe a kulle shi. Ƙananan bindigogi sifirinsu ya fi tauri, domin murfin ba shi da nauyin da zai rage gudunsa, sai aka ɗora aikin a kan sifirin. Mai ciwon gaɓoɓi ko raunin hannu yana iya kasa ja. Saboda irinsu Smith & Wesson ta fitar da Shield EZ a 2018, mai laushin ja.

Amma shago ba ya nuna komai. Yawancin filayen harbi a Amurka suna ba da hayar bindiga, kuma kuɗin hayar uku da akwatin harsashi bai kai asarar sayen wadda za a ajiye a durowa ba. Akwai wani gwaji mai sauƙi da malaman harbi ke amfani da shi: harsashi biyar, daga yadi biyar, cikin da'ira mai faɗin inci biyar, a daƙiƙa biyar. A yi shi sau uku da kowace bindiga. Wadda takarda ta nuna, ita ce taka, ko da ba ita ido ya so ba.

Maganar girman harsashi an daɗe ana musu a kanta, amma yanzu ta kusa lafawa. Tushenta wani artabu ne a Miami ranar 11 ga Afrilu 1986, inda jami'an FBI biyu suka mutu, biyar suka ji rauni, a hannun 'yan fashi biyu. Wani harsashin 9mm ya ratsa hannun ɗaya daga cikin 'yan fashin ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya dab da zuciya, mutumin kuma ya ci gaba da harbi. Daga nan hukumar ta kafa ma'auni: harsashi ya nutsa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren ruwa mai kama da tsoka, ko kai tsaye ko bayan ya ratsa tufafi masu kauri, katako, allon bango, ƙarfen mota ko gilashi. Ta bar 9mm ta koma manyan harsasai, sannan bayan kusan shekara talatin ta dawo gare shi, domin ƙirar harsashi ta inganta, jami'ai kuma sun fi samun abin da suka saita da shi. Ga mai ƙaramar bindiga darasin a fili yake: 9mm ya isa, ya fi araha, kuma araha ita ke sa mutum ya yi atisaye. Harsashin .40 ko .45, waɗanda suka fi 9mm faɗi, a bindiga mai giram 600 wahala ce ba riba. Shi kuwa .380, wanda John Browning ya ƙirƙiro a 1908, faɗinsa ɗaya da 9mm, amma kwansonsa milimita 17 ne maimakon 19, harsashin kuma wajen giram shida. Yana kan gaɓa: idan ya buɗe sosai ba ya nutsawa yadda ake so, idan ya nutsa kuma bai buɗe ba. Duk da haka, ga wanda hannunsa ba ya jure 9mm, .380 a bindiga mai ɗan girma ya fi 9mm da ba zai iya sarrafawa ba.

Harsashin atisaye mai dunƙulallen kai daban, na ɗauka daban. Na ɗauka mai rami ne a baki, wanda ke buɗewa ya tsaya, domin dunƙulallen yana iya ratsa abin da aka harba ya sami wanda ke bayansa, kuma mai bindiga ne ke da alhakin duk inda harsashinsa ya sauka. Federal HST da Speer Gold Dot suna cikin waɗanda 'yan sandan Amurka ke yawan amfani da su. Gajeren bututu yana rage gudu, wani harsashin kuma ba ya buɗewa idan gudu ya yi ƙasa, don haka a nemi wanda aka gwada a bututu inci uku. Mai alamar +P matsinsa ya ɗara na kullum da kashi goma cikin ɗari, yana ƙara shuri da cin sifirin, kuma sai littafin bindigar ya yarda da shi. New Jersey tana da takunkumi a kan harsashi mai rami, wanda ke can ya karanta dokar jiharsa.

Kunama iri uku ce a taƙaice. Yawancin na zamani nauyin jansu ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, wajen kilo biyu da rabi, kuma da yawansu ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, sai makullai na ciki da ke hana tashi idan ta faɗi. Wasu jan farko mai nauyi ne da tsawo, na baya kuma mai laushi, wanda ke buƙatar koyon ja iri biyu. Wasu kuma a ɗane ake ɗaukarsu da makulli a rufe. Wanda ya zaɓi mai makulli, dole ya maimaita buɗe shi sau dubbai har yatsa ya riƙa yi da kansa, domin a firgice mutum yana mantawa. Kada a rage nauyin kunamar bindigar ɗauka da kayan kasuwa. Hannun da ke rawa ba ya bambance kilo ɗaya da kilo biyu, kuma mai gabatar da ƙara zai tambayi dalilin canjin.

Libarba mai juyi, irin Smith & Wesson 642 mai cin biyar na .38 Special, har yanzu tana da masoya da hujja. Ba ta damu da riƙon sako-sako ba, ba ta da murfin da riga za ta tare, kuma siffarta mai lanƙwasa tana ɓoyuwa a aljihu. Sai dai jan kunamarta ya kai kilo biyar a bindigar da ba ta kai rabin kilo ba, saitinta ɗan tsagi ne, sake cika ta kuma yana da jinkiri. A mafi sauƙin nauyinsu, shuri yana iya zaro harsashin da ke jira daga kwansonsa har ya leƙo ya hana tulun juyawa.

Yanzu ga inda mafi yawan masu saye ke tsuke aljihu, kuma nan ne haɗarin yake: kube da bel. Bindigar da ba ta da makullin waje, kubenta shi ne makullinta. Sharuɗɗansa uku ne, ba a sassauta ko ɗaya. Ya rufe kunama ruf ta kowane gefe da abu mai tauri wanda yatsa ko mabuɗi ba zai iya dannawa ta cikinsa ba. Ya riƙe bindigar ko an kifa shi an girgiza. Bakinsa ya tsaya a buɗe bayan an zare ta, domin a mayar da hannu ɗaya. Roba mai tauri da ake kira Kydex, wadda ake gasawa a kan siffar bindiga guda, ta cika ukun. Fata mai kyau ma tana yi, amma idan ta tsufa ta yi laushi, leɓenta yana iya lanƙwashewa ya shiga gaban kunama. Kuben yadi mai cin kowace bindiga, a bar shi a shago. Sa bindiga tsirara a ƙugu ko a jaka tare da mabuɗai da biro, wannan neman rai ne.

Wuri biyu aka fi sa kube a cikin wando. Na farko a gaba, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu. Yana da saurin zarowa, yana ɓoyuwa, kuma hannu na iya kare shi a cunkoso, amma bakin bindiga yana kallon cinya inda babbar jijiyar jini ta bi, kuskure a nan ba ya ba da lokacin zuwa asibiti. Na biyu bayan ƙashin ƙugu kaɗan. Ya fi daɗi ga mai tumbi, amma yana turo riga idan an sunkuya, kuma zarowa a zaune cikin mota yana da wuya. Tsakiyar baya kan ƙashin gadon baya ba wurin sa ƙarfe ba ne, faɗuwa ɗaya a kan ƙanƙara ko tayil ta isa. Kuben gaba na zamani yana da ɗan fiffike da ke tokare bel ya juyo gindin mariƙi ya manne da ciki, da ɗan matashin soso a ƙasa da ke tura saman bindigar ciki. Waɗannan ƙananan abubuwa biyu suna ɓoye bindiga fiye da rage mata inci guda. Bel kuma ya zama mai tauri, faɗin inci ɗaya da rabi daidai da maƙalin kuben, wando ya ɗara na kullum da inci ɗaya ko biyu.

Sau da yawa harbin kai bisa kuskure wajen mayar da bindiga kube yake faruwa. Igiyar rigar sanyi, ko gefen singileti, ko yatsan da aka manta a kan kunama, ya shiga tsakani, mutum ya ji tauri ya ƙara dannawa. Zarowa ce ke da gaggawa, mayarwa ba ta da ita. A ɗage riga da ɗaya hannun, a kalli bakin kuben da ido, yatsa a miƙe a jikin bindiga, a tura ƙugu gaba yadda baki zai kauce wa jiki, a sa a hankali. Da an ji wani abu ya tokare, a tsaya.

Mai sa kaftani yana da nasa lissafin. Doguwar riga tana ɓoye ko da babbar bindiga, amma yadin da za a ɗage kafin hannu ya kai ƙugu ya ninka na 'yar shat, kuma wandon mazagi ba ya riƙe kube: nauyi zai ja shi ƙasa, ko kuben ya biyo bindigar a lokacin zarowa. Mafita ita ce bel na ciki wanda ake ɗaurawa a jiki da kube mai tauri a maƙale, ko tela ya sa wa wandon madaukan bel. Aljihun gefe na kaftani yana da faɗi da reto, bindiga tana juyawa a ciki. Ruku'u da sujada da tsugunnon alwala su ma gwaji ne na gaske ga kube, a gwada su a gida da bindiga babu harsashi. Wasu jihohi kuma sun hana shiga wuraren ibada da makami ko sun ce sai da izinin masu wurin, don haka a tambayi kwamitin masallaci tun kafin Juma'a.

Sabuwar bindiga ba a amince mata sai ta ci jarrabawa. Shawarata, harsashin atisaye 200 zuwa 300, sannan aƙalla 50 na ainihin wanda za a ɗauka, ta cikin kowane magazin, har da harbi da hannu ɗaya. A sa wa magazin lamba da fenti, domin yawancin cijewa daga gare shi take, kuma sai da lamba ake gane mai laifin. Idan kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita, galibi riƙo ne ya yi sako-sako: murfin yana buƙatar jikin bindiga ya tsaya cak kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa, kuma ƙananan sun fi saurin nuna wannan. Idan murfi ya ƙi kullewa bayan harsashin ƙarshe, duba babban yatsa, yana kwance a kan ɗan maɗaurin da ke kulle murfin. Idan ya kulle alhali da saura, yatsan ne ke tura shi sama. Idan aka ji ƙara mai rauni da shuri kaɗan, a dakata nan take: harsashi na iya maƙalewa a bututu, kuma na biyu a bayansa yana fasa bindiga.

Akwai wata matsala da ke taruwa a ɓoye. Mai cire harsashi kowane dare ya mayar da shi da safe, kan harsashin yana bugun gangaren bututu kowane lokaci, a hankali ya nutse cikin kwanso. Wurin albarushi ya ragu, matsi ya hau. A jera shi kusa da sabo a kan teburi, idan ya gajarta a ware shi. Na ɗauka gaba ɗaya a harbe su a sauya sau ɗaya a shekara. Gumi yana sa tsatsa a saiti da maɓallin magazin, burbushin yadi kuma yana taruwa a bayan murfi, don haka a goge ta duk mako, a sa mai ɗigo kaɗan a kan layukan da murfi ke zamewa, kada a zuba a ramin allurar da ke bugun harsashi, domin mai da ƙura suna rage mata ƙarfi. Sifirin ƙaramar bindiga yana gajiya da wuri fiye da na babba, a duba adadin harbin da littafin kamfani ya ce a canza shi.

Kasafin kuɗin ma a yi shi tun farko da wannan duka a ciki. Wanda ya kashe komai a kan bindiga ya rasa na kube da bel da harsashin gwaji da kwas na kwana ɗaya ko biyu wurin malami, ya fi kyau ya sayi mai rahusa daga sanannen kamfani ya cike sauran. Kwas ɗin da ake yi don lasisi a yawancin jihohi gajere ne, ba ya koyar da zarowa daga kube, kuma ɗan abin da yake faɗa kan shari'a bai isa ba. Doka a Amurka galibi ba ta yarda a harbi mutum ba sai ana fuskantar barazanar kisa ko mummunan rauni a nan take, kuma ko nuna bindiga a rigimar wurin ajiye mota laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Mai saurin fushi, ko mai shan abin da ke gusar da hankali, ko wanda ke cikin ƙuncin rai, wannan kaya ba nasa ba ne. Fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka harbi kansu, kuma samun ta kusa a mummunan dare shi ne ke mayar da tunanin minti goma abin da ba ya gyaruwa.

Idan an dawo gida, bindigar wuri biyu kawai take da shi: a jiki cikin kube, ko a akwatin ƙarfe mai kulle. Saman kabad da ƙarƙashin katifa yara sun san su, kuma yaro ɗan shekara uku yana iya danna kunama mai kilo biyu da rabi da manyan yatsunsa biyu, baki na kallon fuskarsa. A cire kuben daga bel da bindigar a cikinsa, a sa su tare a akwatin ba tare da an zare ta ba, domin kowace zarowa da mayarwa dama ce ta kuskure. Akwatin a ɗaure shi da ƙusa a bango ko a ƙasan kabad. A mota kuma, inda ake yawan sace bindigogi a biranen Amurka, a sa ƙaramin akwati mai igiyar ƙarfe da aka zarga a ƙafar kujera, don ranar da za a shiga gidan waya ko kotu.